Keke Cikin Dusar Ƙanƙara: Nazari a Kan Abin da Ke Riƙe Himmar Ma'aikaci a Lokacin Sanyi

A ƙasashen arewacin duniya, inda sanyi ke zuwa da dusar ƙanƙara da dogon dare, akwai abin da ke maimaituwa duk shekara. Daga Mayu zuwa Satumba tituna cike suke da ma'aikata a kan keke, kowa da jakarsa a baya ko a kariya. Da zarar Oktoba ya raba tsakiya sai su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kafin Disamba kekuna da yawa sun koma ɗakin ajiya, masu su sun koma bas ko mota. Wani bincike da Bergström da Magnusson suka wallafa a 2003, bayan sun tambayi ma'aikatan manyan kamfanoni huɗu a biranen Luleå da Linköping na ƙasar Suwidin, ya auna girman abin: tafiye-tafiyen keke sun ragu da kashi 47 cikin ɗari daga lokacin ɗumi zuwa lokacin sanyi, na mota kuma sun ƙaru da kashi 27.

Akasarin abin da ake rubutawa a kan wannan matsala nasiha ce ga mutum shi kaɗai. A ce masa ya ƙudura niyya, ya tuna lafiyarsa, ya sayi riga mai kauri, ya daina ragwanci. A ganina ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda ya ci gaba da hawa keke zuwa aiki har sanyi ya fita, ba lallai ba ne ya fi wanda ya ajiye ƙarfin zuciya. Sau da yawa bambancinsu shi ne ɗaya an sauƙe masa nauyin yanke shawara kowace safiya, ɗayan kuwa kullum sai ya sake yin gardama da kansa a bakin ƙofa. Himma, idan aka bi diddiginta, kusan rabi a kan hanya take, kusan rabi a cikin sabo, ɗan abin da ya rage ne kawai ke cikin ƙirji.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Oulu, birni mai mutane fiye da 200,000 a arewacin Finlan, a gaɓar teku, kilomita ƙasa da 200 daga da'irar Aktik. Dusar ƙanƙara kan rufe ƙasar wajen wata biyar a shekara. A ƙarshen Disamba rana ba ta wuce awa huɗu a sama. Duk da haka wajen kashi 12 cikin ɗari na tafiye-tafiyen mutanen birnin a lokacin sanyi a kan keke ake yinsu, adadin da birane da yawa masu yanayi mai daɗi ba sa kaiwa ko a mafi kyawun watanninsu. A Fabrairun 2019 wani injiniyan tsara birane mai suna Pekka Tahkola ya saki hoton harabar makarantar Metsokangas, kekuna jere a cikin dusar ƙanƙara, ya ce a cikin ɗalibai 1,200 kimanin 1,000 da keke suke zuwa, alhali a ranar sanyi ya kai digiri 17 ƙasa da sifili. Hoton ya zaga duniya, kuma ya rushe bayanin da aka saba bayarwa. Ba za a ce yara 'yan shekara takwas da tara sun fi manyan ma'aikatan Landan ko Toronto juriya ba. Babu wanda ya yi musu lacca a kan ciwon zuciya. Sun tashi ne sun tarar da hanya a share, abokansu na wucewa, suka bi.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun farkon shekarun 1970 Oulu ta fara shimfiɗa hanyoyin keke da na ƙafa daban da titin mota, kuma sunan Mauri Myllylä ne aka fi ambata a cikin masu tsara birnin da suka dage a kan haka. Yau tsawon waɗannan hanyoyi ya haura kilomita 900, da gadojin ƙasa sama da 300, ta yadda yaro zai bar gida ya isa makaranta bai tsallaka babban titi ko sau ɗaya ba. Wannan rabuwa tana da muhimmanci na musamman a lokacin sanyi. Layin keke da aka zana da fenti a gefen titi shi ne wurin da motar share hanya ke tura tarin dusar da ta kwaso, don haka daren farko da aka yi zuba sai ya ɓace. Hanyar da ke zaman kanta, da nata injin da nata ɗan kwangila, ba ta ɓacewa.

Yadda ake kula da hanyar ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, domin a nan ne himmar ma'aikaci ke samun abin dogaro. A manyan hanyoyin keken birnin ƙa'ida ita ce idan dusa ta taru ta kai santimita 2, a share ta cikin awa uku, kuma a gama kafin mutane su fito aiki. Ba a kankare ta har kwalta ta fito, ba a kuma dogara da gishiri. Ana barin wani siririn shimfiɗi ne a danne shi ya yi tauri, bakin injin kuma mai haƙora ne, yana barin 'yan zane-zane a kai don taya ta sami abin kamawa. Dusa mai sanyi sosai busasshiya ce, ba ta santsi kamar yadda baƙo zai zata, shi ya sa mutane da yawa a can da tayoyinsu na kullum suke yawo. Da yake fentin ƙasa ba ya ganuwa, a wasu wurare an ɗora fitilu a kan turaku suna haska alamar keke da ta mai tafiya a ƙafa a bisa farar ƙasa. Sannan akwai wani sharaɗi a kwangilar manyan hanyoyin da nake ganin ya fi duk sauran hikima: masu aikin sai sun hau keke da kansu sun bi hanyar da suka share, kuma ra'ayin masu amfani da ita yana shafar kuɗin da za a biya ɗan kwangila. Wanda ke zaune a cikin injin mai ɗumi ba zai san wahalar ɗan tudun ƙanƙarar da ya bari a bakin mahaɗa ba sai ranar da ya girgiza shi a kan sirdi.

Amfanin wannan duka ga zuciyar ma'aikaci shi ne tabbas. Mutumin Oulu da ya farka ya ga an kwana ana zuba, ba ya tambayar kansa ko hanya za ta biyu. Ya san an share. Takwaransa na wani birni kuwa caca yake yi: wata rana an share, wata rana an share rabi an bar rabi, kuma rabin da aka bari shi ne zai sa ya makara ko ya faɗi. Mutum na iya jure wahalar da ya san girmanta. Abin da ke karya gwiwa shi ne rashin sanin abin da za a tarar. Binciken Suwidin da na ambata ya kiyasta cewa gyara yadda ake kula da hanyoyin keke kaɗai na iya ƙara yawan tafiye-tafiyen keke na lokacin sanyi da kashi 18 cikin ɗari, kuma share dusa shi ne abin da waɗanda aka tambaya suka fi bai wa muhimmanci a cikin ayyukan kula da hanya.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa Oulu ta samu wasu abubuwa a ɓagas. Ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, sanyinta kuma mai tsayawa ne wuri guda. Mafi munin yanayi ga mai keke shi ne wanda ke kai da komo a bakin sifili: da rana dusa ta narke ta zama taɓo, da dare ta daskare ta zama gilashi, da sawun tayoyin jiya a kafe a ciki. A irin wannan yanayi dabarar danne dusa ba ta aiki. Shi ya sa Istokholm, tun wajen 2013, ta koma share manyan hanyoyin kekenta da babban burushi mai juyawa, a bi da ruwan gishiri, har kwalta ta fito. Kopanhagen ma tana sa hanyoyin keke a sahun farko wajen shara, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na masu kekenta ba sa ajiyewa don sanyi. Dabara ta bambanta, alkawari dai ɗaya ne. Tsoron faɗuwa kuma ba tsoron banza ba ne: alƙaluman Suwidin sun nuna cewa kusan takwas cikin goma na masu keken da suka ji mummunan rauni ba karo suka yi da kowa ba, su kaɗai suka faɗi, santsi kuma na cikin manyan dalilai. Wanda ya taɓa zamewa a kwana ya bugu a kafaɗa, ba lalaci ne ke hana shi fita washegari ba. Maganin nasa taya ce mai ƙusoshi, musamman ta gaba, da hanyar da aka kula da ita. Wa'azi ba zai yi masa komai ba.

Akwai kuma duhu, wanda ake yawan haɗa shi da sanyi alhali kowanne da aikinsa. Masu bincike a Jami'ar Sheffield, Jim Uttley da Steve Fotios, sun yi wata dabara mai kyau don raba su. A Turai ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka ƙarfe biyar na yamman da ke da haske a wannan mako, a mako mai zuwa duhu ne, alhali yanayi bai canja sosai ba. Da suka kwatanta yawan masu keke a awa guda cikin haske da cikin duhu, sun ga duhu kaɗai na rage su ƙwarai. A binciken da suka yi a Birmingham, wanda ya fito a 2020, sun nuna cewa raguwar ta fi ƙanƙanta a hanyoyin da ke da fitilun titi, kuma ko ɗan haske kaɗan yana kawo bambanci babba. Wato wani ɓangare na abin da ma'aikaci ke kira mutuwar jiki a watan Nuwamba, turakun fitila ne da ba a kafa ba.

To ina rabon shi mutumin? Yana nan, amma ba inda aka saba nemansa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa aikin da aka maimaita a yanayi guda yakan daina bi ta hannun niyya. Alama ce ke tayar da shi: lokaci, wuri, abin da aka yi kafinsa. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane 96 tsawon mako 12 suna ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a. Matsakaicin lokacin da abu ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, amma tazarar ta kama daga kwana 18 har zuwa 254. Wani abin da suka gano ya fi wannan adadi amfani ga mai keke: tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wanda ya bar keke ranar da guguwa ta rufe gari bai yi asarar komai ba. Asarar tana zuwa ne idan rana ɗaya ta zama mako, mako ya zama "sai sanyi ya fita".

A nan ne nake ganin ainihin illar lokacin sanyi take. Sabon da ma'aikaci ya gina a watan Yuni yana rataye ne a kan alamun Yuni: haske a taga, riga ɗaya, keke a ƙofar gida. Nuwamba na zuwa ya kwashe su duka. Masanin halayya Bas Verplanken ya yi bayanin cewa idan yanayin da ɗabi'a ta ginu a kai ya sauya, kamar a sauya gida ko wurin aiki, sai ɗabi'ar ta saki, mutum ya koma yin tunani a kan abin da a da yake yi ba tare da tunani ba. Shigowar sanyi tamkar ƙaura ce ba tare da an bar gida ba. Shi ya sa makonnin ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba suka fi Janairu haɗari, duk da Janairu ya fi sanyi. Wanda ya ratsa su yana ƙara safar hannu yau, hula gobe, fitila jibi, sabonsa ya bi shi ya shiga sabon yanayin a hankali. Wanda ya tsaya ya ce zai dawo idan ya kammala sayen kaya, shi ne zai fara daga tushe a lokacin da farawa ta fi wuya.

Mu dubi safiyar kanta. Ƙarfe shida da rabi, waje baƙi ƙirin, ma'aunin zafi a taga na nuna 10 ƙasa da sifili. Idan tun daren jiya an cika batirin fitila, safar hannu ta bushe a kan hita, kayan sawa na jere a kan kujera bisa tsarin da za a sa su, keke kuma na kusa da ƙofa ba a can ƙasan bene bayan makullai biyu ba, to daga gado zuwa sirdi babu wurin da gardama za ta shigo. Idan kuwa safa ɗaya ta ɓace, ko sarƙa ta yi tsatsa saboda gishirin jiya, a cikin waɗannan mintuna uku na nema ne makullin mota ke fara kira. Masanin halayya Peter Gollwitzer ya nuna tun a shekarun 1990 cewa niyyar da aka ɗaure da sharaɗi bayyananne ta fi niyya sakakka cika. "Zan riƙa hawa keke bana" magana ce sakakka. "Idan ba a yi gargaɗin ƙanƙara ba, ƙarfe bakwai ina kan keke, idan an yi, bas zan shiga" hukunci ne da aka yanke da rana, ido biyu, ba a bar wa mai magagin barci ba.

Daga nan sai mintuna goma na farko, waɗanda su ne ke ba lokacin sanyi mummunan suna. Mai tafiya a gudun kilomita 20 a awa yana haifar wa kansa iska, sanyin digiri 10 ƙasa da sifili sai fata ta ji shi kamar 18 ƙasa da sifili. Ido na hawaye, yatsu na zugi. Amma jikin da ke taka feda murhu ne, mafi yawan ƙarfin da yake ƙonawa zafi yake zama, bayan ɗan lokaci sai matsalar ta juye ta koma zufa. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa wanda ya fita daga gida yana jin ɗumi ya sa kaya da yawa. Ƙirji ba ya buƙatar tulin riguna. Yatsun hannu da na ƙafa da kunnuwa su ne ke buƙatar kulawa. Matthew Ruby da Elizabeth Dunn da abokansu a Kanada sun wallafa bincike a 2011 da ya nuna mutane kan raina daɗin da za su ji a motsa jiki, domin idan suna hasashe farkon aikin suke kallo, farkon kuma shi ne mafi ɗaci. Mai tsaye a bakin ƙofa yana auna tafiyar minti talatin da mudun minti biyar na farko. Sanin haka kaɗai makami ne.

Game da lafiya, hujjar tana da ƙarfi. Binciken da masana na Jami'ar Glasgow suka wallafa a 2017, a kan mutane sama da 260,000 a Birtaniya, ya gano cewa haɗarin mutuwa cikin shekarun da aka bi su ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari ga masu zuwa aiki a keke, idan aka kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar keken ne kaɗai sanadi ba, amma ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka ban taɓa gamsuwa cewa irin wannan adadi na fitar da mutum daga bargo ba. Ribar da za a gani bayan shekara ashirin ba ta da nauyi a kan sanyin yanzu. Abin da ke riƙe mutane ribar ranar ce: isa ofis a farke, sanin cewa tafiyar minti ashirin da biyar ce ko an yi cunkoso ko ba a yi ba, rashin tsayawa a tashar bas ana rawar ɗari, rashin kankare gilashin mota da asuba. A watannin da mutum ke shiga ofis cikin duhu ya fito cikin duhu, wannan tafiya ce kaɗai lokacin da yake shaƙar iskar waje.

Jama'a ma na da nasu. A Finlan ana yin gasar tara kilomita tsakanin ma'aikatu, har da zagaye na musamman a lokacin sanyi, kuma a ƙasashe da dama ana ware wata Juma'a a Fabrairu don zuwa aiki a keke. Waɗannan suna da daɗi, amma ina ganin wurin rataye jiƙaƙƙun kaya da rumfar ajiye keke a wurin aiki sun fi su tasiri, haka ma maigidan da ba ya yi wa ma'aikaci kallon mahaukaci don ya shigo da hular kwano a hannu. Inda hawa keke a sanyi ya zama jarumta, 'yan ƙalilan ne za su yi, yawancinsu maza matasa. Inda ya zama ba komai ba, sai a ga tsohuwa da kwandon cefane da uba da yaro a kujerar baya.

Ya kamata a tuna kuma cewa maganar himma magana ce ta mai zaɓi. Mai kai saƙon abinci a Berlin ko Toronto ba ya tambayar zuciyarsa ko tana so. Haka magidancin da ke taka keke da sanyin asuba a tsakiyar hunturu daga ƙauyukan gefen Kano ko Damagaram, rawani a naɗe har hanci saboda ƙura, balle bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023 da ya mayar da mutane da yawa kan keke. Su ba ƙwarin gwiwa suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne abin da mutumin Oulu ya samu: gefen hanya da babu mai ture su, da haske.

Mai musu zai ce wannan halin mutanen Finlan ne, ba a kwaikwayonsa. Montiriyal ta amsa masa. Birni ne da ke samun wajen mita biyu na dusa a shekara, kuma an daɗe ana rufe yawancin hanyoyin kekensa da zarar sanyi ya shigo. A 2017 ya karɓi baƙuncin taron duniya kan hawa keke a lokacin sanyi, wanda aka fara a Oulu a 2013. A 2020 aka buɗe hanyar keke mai shinge a titin Saint-Denis, ana share ta duk shekara, masu keke na lokacin sanyi suka ƙaru. A Nuwamban 2023 kamfanin kekunan haya na BIXI, wanda a da yake kwashe kekunansa kafin dusa, ya bar tashoshi 150 a buɗe da kekuna masu taya mai ƙusoshi, kuma bayan gwajin aka ci gaba da tsarin. Mutanen Montiriyal ba su canja hali cikin 'yan shekaru ba, hanyarsu aka canja.

Ga mai karatu da neman ilimi ko aiki ya kai shi Kanada, ko Jamus, ko Finlan, yana kuma son ya riƙe kekensa bana: kafin ka kashe kuɗi a kan rigar sanyi, nemi taswirar hanyoyin da ƙaramar hukumarku ke sharewa da farko, ka zaɓi hanyarka a kai ko da ta fi tsawo. Sa taya mai ƙusoshi a gaba, ka sayi fitila mai kyau gaba da baya, kada ka ajiye keken a Oktoba da sunan hutu. Idan kuma ka tarar hanyar unguwarku ba ta cikin waɗanda ake sharewa, rubuta wa hukumar, ka sa maƙwabta su rubuta.